Verna Sobota Ta Biya Kafin Lokaci

Verna Sobota ta shekara ashirin da shida tana aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a garin Saginaw, kuma duk tsawon shekarun nan babu ranar da wani ya riga ta zuwa. Ƙarfe shida da rabi ake fara aiki. Shida saura kwata za ka tarar da tsohuwar motarta a bakin ƙofar baya, ko da dusar ƙanƙara ta binne titi, tana zaune a ciki tana kurɓar kofi har mai shara ya zo ya buɗe. Shi ya sa Mavis Tillery, wadda suke zuba wa yara abinci tare, ta laƙaba mata suna Agogo.

Gado ta yi. Mahaifinta ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe har ranar da aka rufe ta, kuma takardar kuɗin wuta ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Ranar da ta zo, ranar zai sa hula ya je ya biya. Verna ta taso a kan haka, ba ta kuma taɓa jin wanda ya ce akwai aibu a biya da wuri ba.

Mijinta Leonard ya tafi Texas neman aiki lokacin ɗansu Curtis yana aji uku. Ya aiko da katin Kirsimeti sau biyu, daga nan shiru. A shekarar ta samu aikin kicin. Ba ta ajiye sunan mijin ba, don canzawar sai an biya kuɗi. Ita kaɗai ta riƙe ɗanta a gidan haya mai ɗaki biyu. Curtis ya girma dogo, mara yawan magana, ya samu aiki a shagon gyaran taya. Duk Lahadi yakan zo cin abincin rana, ya wanke kwanuka, in ya tafi ita kuma ta sake wanke su.

Wata Talata a cikin Janairu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Shekararsa talatin da ɗaya. Likita ya ce zuciya ce, ya ce da wuya ya ji zafi. Verna ta yi masa godiya. Ta lura agogon bangon ɗakin asibitin yana gaba da minti huɗu, kuma har yau in ta tuna ranar shi take fara gani.

Curtis bai bar inshora ba. A gidan da ke shirya jana'iza wani mutum mai taushin murya ya shigar da ita ɗakin akwatuna. Ta tsaya gaban mafi araha, ta daɗe a tsaye, sannan ta matsa gaban na kusa da shi. Akwati, kabari, haƙa, mota, furanni, daga baya dutse mai sunansa. Ta miƙa katin bashinta, wanda ta shekara sha tara tana sayen fetur kaɗai da shi, tana kuma biya tas duk ƙarshen wata. Dala dubu tara da ɗari uku aka cira.

Ta yi ƙoƙari. Amma masu aikin kicin ba su da albashi a dogon hutun makaranta, ruwan bashin kuwa ba ya hutu. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni kuɗin ya kai dubu sha ɗaya da ɗari huɗu, bankin ya miƙa ta ga wani kamfanin karɓar bashi, waya ta fara ƙara tun da safe. Rannan wata mata daga kamfanin ta ce za su iya sasantawa. In Verna ta biya dubu huɗu da ɗari takwas, ɗari huɗu duk wata har sau sha biyu, za a yafe sauran.

Washegari ta gaya wa Mavis suna yanka karas. Mavis ta taɓa shiga irin wannan bayan rabuwarta da mijinta, don haka sai ta ajiye wuƙa.

"Saurare ni, Agogo. Ko dala ɗaya kada ki ba su sai takarda ta zo hannunki, mai sunan kamfanin da sa hannu. Maganar waya iska ce. Kada kuma ki ba su lambar asusunki, za su kwashe ki har gashin kanki. Cek za ki rubuta, ki yi hotonsa, ki aika ta gidan waya da rasit."

Verna ta bi wannan daki-daki. Ta ƙi biya sai da takardar ta iso. Ta karanta ta sau uku a kan teburin cin abinci. Shafi ɗaya ce, kuma a tsakiyarta an rubuta cewa kowane biya ya iso kafin ranar sha biyar ga wata, in aka tsallake wata ɗaya yarjejeniya ta rushe, bashi ya koma yadda yake. Wannan layin bai ba ta tsoro ba. Ita da ba ta taɓa makara ba.

Daga Mayu ta fara. Ranar ɗaya ga wata za ta rubuta cek, ta tsaya a laburare ta yi hotonsa, ta wuce gidan waya. In rasit ɗin isarwa ya dawo, ta haɗa shi da hoton ta maƙala a fayil. A hutun makaranta ta karɓi aikin wankin zanen gado a wani otal don kada wata ya kuɓuce mata. Ba ta gaya wa kowa ba, amma tafiyar gidan wayan nan ba ta yi mata nauyi ba. Shi ne abu na ƙarshe da ya rage da take yi wa Curtis da hannunta.

Ta biya goma. A farkon Maris gwamnati ta mayar mata da rarar harajinta, dala ɗari tara da 'yan kai. Ranar haihuwar Curtis tara ga Afrilu ce, kuma ta so ta je kabarin ranar babu bashin kowa a kan dutsen. Sai ta rubuta cek ɗaya na ɗari takwas. A ɗan layin ƙasa, inda ake rubuta dalilin biya, ta sa: na Maris da na Afrilu, ƙarshen biya. Ta yi hotonsa, ta aika.

Bayan mako guda ta buga waya ta tabbatar. Wani saurayi da ya ce sunansa Kyle ya ce ya ga kuɗin, komai lafiya, takardar shaidar an gama za ta zo nan da kwana sittin zuwa casa'in. Ta rubuta sunansa da ranar da lokacin a bayan fayil. Juma'ar makon ta ɗauki Mavis zuwa zauren coci, inda ake sayar da soyayyen kifi lokacin azumin Kirista, ta ce yau ita za ta biya. Mavis ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, ta kuma ci faranti biyu.

Afrilu ya zo, Verna ba ta aika komai ba, tunda babu abin aikawa.

A tsakiyar Yuni wasiƙa ta zo, daga wani kamfani da ba ta taɓa jin sunansa ba. Sun ce sun sayi bashinta, kuma suna bin ta dala dubu bakwai da ɗari biyu, har da ruwan da ya taru. Ta ɗauka kuskure ne, har ta ɗan ji tausayin wanda za a yi wa faɗa a kansa. Ta buga wa kamfanin farko. Bayan minti arba'in ana sa mata kiɗa, wata mata ta ɗauka ta ce kwamfuta ta nuna biya sha ɗaya ne suka shigo, na Afrilu bai zo ba, don haka yarjejeniya ta rushe ranar sha shida ga wata.

Verna ta ce mata ta haɗa jimillar ta gani. Matar ta haɗa, ta ce dubu huɗu da ɗari takwas ne cif.

"To ai shi ne kuɗin da muka yi da ku."

"Haka ne, Madam. Amma sau sha biyu aka ce. Ke sau sha ɗaya kika biya."

"Na rubuta a jikin cek ɗin. Na Maris da na Afrilu."

"Inji ne yake buɗe ambulan, Madam. Adadi da lambar asusu kaɗai yake karantawa."

Rarar ɗari huɗun, in ji matar, an zuba ta a kan asalin bashin, kamar yadda ake yi wa duk kuɗin da ya haura na wata. Verna ta nemi Kyle. Aka ce ba su da mai wannan suna yanzu. Ta nemi a saurari muryar hirar, tunda duk kira sai an ce ana naɗa. Aka ce bayan kwana casa'in ana gogewa. Ta nemi babba, babban ya saurare ta da ladabi, ya ce ya fahimta, sai dai asusun ya bar hannunsu, ta yi magana da waɗanda suka saya. Waɗanda suka saya suka ce su lamba da adadi aka sayar musu, ba su san da wata yarjejeniya ba, ta yi magana da waɗanda suka sayar.

Ta yi hoton komai, shafi ashirin da shida, ta aika wa kamfanonin biyu da rasit. Rasitan suka dawo da sa hannu. Amsa ba ta zo ba. Ta sake aikawa a Yuli, ta sake a Agusta. A Satumba wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofarta da yamma, ya tambaya ko ita ce Verna Sobota, ya miƙa mata sammaci.

Mavis ce ta kai ta ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa hali. Wata matashiyar lauya, Misis Brandvold, ta ba ta rabin awa. Ta duba fayil ɗin, ta ce ba ta taɓa ganin mai tsari irinsa ba. Ta ce a ganinta Verna tana da gaskiya, kuma akwai alƙalin da zai kalli cek ɗin nan ya kori ƙarar nan take. Akwai kuma wanda zai kalli layin da ya ce duk wata, ya ce takarda ta faɗi abin da ta faɗa. Ba za ta iya yi mata alkawarin wanne za ta samu ba. In aka kayar da ita, za a iya cire kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta tun kafin ya iso hannunta, har sai an gama. Verna ta yi lissafin a ka. Abin da zai rage ba zai biya haya ya sayi abinci ba.

Sannan lauyar ta duba takardar albashin. Ta ce aikin otal ɗin da Verna ta yi a hutu ya ɗaga kuɗin shigarta sama da iyakar da ofishin ke karɓa, da dala sittin a wata. Shawara za ta iya ba ta, amma ba za ta iya tsaya mata a kotu ba. Ta rubuta mata abin da za ta faɗa a rabin shafi, ta raka su har ƙofa.

A mota Mavis ta zagi kamfanonin biyu, da inji, da uban da ya ƙera injin. Daga nan ta juyo.

"Ke ma dai, Agogo. Mutum ya biya bashi kamar ana korar sa? Ni da sai ranar sha huɗu da yamma nake tunawa, ga ni lafiya lau."

Da Mavis ta ga fuskar Verna sai ta kama bakinta, ta kunna rediyo, ta sake kashewa.

Zaman kotu ya faɗo a Nuwamba, ƙarfe tara. Takwas saura ta isa. Dogon baranda ne mai benci, kuma kafin tara mutane sun kai arba'in, kowa da takarda a hannu, babu mai kallon wani. Lauyan kamfanin mutum ɗaya ne ga dukkansu, mai furfura, yana jan akwati cike da fayil. Yakan kira suna, mutum ya taso, su yi magana a tsaye minti uku, a sa hannu. Ba mugun mutum ba ne a fuska. Yana ta shan maganin tari.

Da ya zo kanta ta buɗe fayil ta nuna masa cek ɗin. Ya karanta ɗan layin ƙasa, ya ɗaga gira, ya ce abin bai yi daɗi ba. Ya ce in tana son shari'a hakkinta ne. Za a ɗaga zuwa Fabrairu, zai nemi takardu daga kamfanin farko, wataƙila a sake ɗagawa. Ko kuma a gama yau, ta biya dubu ɗaya da ɗari takwas, ɗari da hamsin duk wata, kafin sha biyar ga wata, har sau sha biyu. Sai dai wannan takardar alƙali zai sa mata hannu. In wata ɗaya ya kuskure, hukuncin dubu bakwai da ɗari biyu zai hau kanta kai tsaye, ba sai an sake kiran ta ba.

"Na riga na biya," in ji Verna.

"Na gani, Misis Sobota."

"To me ya sa zan sake?"

"Ni dai abin da aka ba ni izinin bayarwa ke nan."

Ta koma benci da takardar. Duk zuwa kotu ranar aiki ce da ba za a biya ta ba. Ta ciro rabin shafin da Misis Brandvold ta rubuta mata, ta karanta, ta ga kalmomin sun ƙi zama a kanta. Ta hango kanta tsaye gaban alƙali yana tambayar abin da ta saya da katin, ita kuma tana lissafa masa akwati, da haƙa, da dutse, mutum arba'in suna ji. Mavis, wadda ta rako ta, ta ce mata ta shiga ta yi faɗa, gaskiya tana hannunta. Can kuma ta ce ita dai ba albashinta za a yanka ba, kada Verna ta biye mata.

Verna ta tashi ta samu lauyan. Ta roƙe shi ya ƙara layi ɗaya da biro, cewa in ta biya da wuri za a lissafa mata. Ya ce ba shi da ikon taɓa rubutun. Ya rage murya ya ce shawararsa ita ce ta aika ɗari da hamsin daidai, sau ɗaya a wata, kada ta ƙara ko dala, kada ya iso kafin ɗaya ga wata. Ta sa hannu. Alƙali bai yi minti biyu a kanta ba. Ya tambaya ko ta fahimci abin da ta sa wa hannu, ta ce ta fahimta.

Tun Disamba take biya. Yanzu sai biyar ga wata take aikawa. Ranar sha biyu ta buga waya ta ji ko ya shiga, ta rubuta sunan wanda ya amsa, duk da ta ga amfanin da sunan Kyle ya yi mata. Da rarar haraji ta sake zuwa a Maris, ta isa ta rufe yawancin abin da ya rage. Verna ta sa kuɗin a banki ta bar su, tana ciro ɗari da hamsin duk wata. A kicin har yanzu ita ke fara zuwa, amma Mavis ta daina kiran ta Agogo, Verna kawai take cewa. Ba su taɓa yin maganar ba.

Bakwai ta biya, saura biyar. Ranar uku ga Yuli wasiƙa ta zo cewa an miƙa kula da asusunta ga wani ofishi a wata jiha, daga yanzu can za ta riƙa aikawa. Takardar da alƙali ya sa wa hannu kuwa tsohon adireshi ne a jikinta, kuma ta ce can za a biya. Ranar huɗu ga wata hutu ne, babu mai ɗaukar waya. Ranar biyar ta buga wa tsohon ofishi, suka ce sabon. Ta buga wa sabon, suka ce sunanta bai shigo kwamfutarsu ba tukuna, yakan ɗauki kwana goma zuwa sha huɗu, gara ta ci gaba da tsohon. Ta buga wa lauyan mai furfura, aka ce ya tafi hutu sai ashirin ga wata. Magatakardar kotu ta ce ba a yarda su ba da shawara ba.

Da Verna ta buga wa Mavis, Mavis ta ce ta aika wa duka biyun mana ta huta, ɗari da hamsin nan, ɗari da hamsin can.

"In duka suka shiga, ɗari uku ke nan a wata ɗaya," in ji Verna.

Mavis ta ce tana zuwa, ta jira ta.

Verna ba ta jira ba. Ranar shida da safe ta je gidan waya da cek a cikin ambulan, ta liƙe, ta rubuta nata adireshin a kusurwa, tsakiyar kuwa fari fat. Takardun biyu suna ɗayan hannunta. Layi ya matso da ita har gaban teburin ma'aikaci. Ma'aikacin ya san ta, ya riga ya ciro takardar rasit ya ajiye mata biro. Ya dubi ambulan ɗin, ya dube ta.

"Ina za shi yau, Misis Sobota?"

Ta ce ya ɗan ba ta minti ɗaya. Ta matsa gefe ta ce wa mutumin da ke bayanta ya wuce. Ta shimfiɗa takardun biyu a kan teburin rubutu, ta ciro waya ta sake buga lambar sabon ofishin. Muryar inji ta ce duk ma'aikata suna kan wani kiran, ita ce ta sha ɗaya a layi. Ta jingina da bango, ta riƙe wayar a kunne.